Ƙusoshi, madara da dayis ɗin ludo: littafin aikin kulob ɗinmu na kimiyya a Gombe

11 ga Janairu, 2025

Aikin da kulob ya tsayar na wannan zango tambaya ɗaya ce: abin da ba wanda zai iya faɗin inda zai faɗa idan shi kaɗai ne, me ya sa idan ya taru da yawa yake bin ƙa'ida har a iya lissafa shi? Za mu bi ta da kayan da hannu zai taɓa kafin mu je kan kwamfuta. Yawancin yaran 'yan SS2 ne, sun san haɗa yiwuwa da ninka ta a takarda, amma a wurinsu lissafin jarrabawa ne kawai.

Abu na farko shi ne allon Galton. Allo ne a tsaye da aka jera wa ƙusoshi layi-layi, kowane layi ya goce da rabin tazara daga na samansa. Ana sako ƙwallo daga tsakiya, duk ƙusar da ya daka sai ya bi dama ko hagu, har ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan da ke ƙasa. Namu zai zama layi 12 da rami 13. Hanyoyin da ƙwallo zai iya bi 4,096 ne, wato 2 ninki kanta sau 12. A cikinsu 924 ne ke ƙarewa a ramin tsakiya, kusan kashi 23 cikin ɗari ke nan, ramin ƙarshe na kowane gefe kuwa hanya ɗaya tak ke kai wa gare shi. Na sa yara sun fitar da waɗannan lambobi da kansu sun manna a bango, don kada a ce daga baya muka gyara hasashe.

Francis Galton, Baturen Ingila, ya bayyana allon a littafinsa na 1889, amma lissafin ya girme shi nesa ba kusa ba, domin Abraham de Moivre ya fitar da siffar wannan tudu tun 1733. Na kuma gaya musu wane ne Galton. Shi ne ya assasa aƙidar nan ta tace irin ɗan Adam, kuma abin da ya rubuta game da baƙar fata ba abin maimaitawa ba ne. Allonsa za mu ara, ra'ayinsa ya tsaya can.

25 ga Janairu

Kafintan da ke mana aikin dattijo ne a Jekadafari. Da ya ga zanen sai ya ce, "Malam, wannan ƙusoshi haka ba su riƙe komai ba, ai ɓarna ce." Na ce, "Baba, ƙwallo za su riƙe, shi ma na ƙiftawar ido." Ya yi dariya ya karɓa. Shi ya kawo shawarar a fara huda ramukan da siririn ƙarfe kafin a buga ƙusa, don kada katako ya karkatar da ita. Ƙwallayen kuwa na boris ne, muka samo wurin masu gyaran babur, muka wanke da kananzir.

8 ga Fabrairu

Allo ya zo, kuma tudun ya fito tun zubin farko, har wani yaro ya leƙa baya yana neman inda aka ɓoye maganaɗisu. Sai dai ya fi na bango faɗi, ramukan gefe suna samun fiye da rabonsu.

Dalilin shi ne darasin yau, kuma ina ganin shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Lissafin 924 cikin 4,096 ya ginu ne a kan sharaɗi: abin da ƙwallo ya yi a layi na biyar ba ruwansa da abin da ya yi a layi na huɗu, kuma ba ruwansa da ƙwallon da ke bayansa. Ƙarfe a kan ƙarfe kuwa tsalle yake yi. Ƙwallon da ya ɗauki gudu zuwa dama yakan tsallake ƙusa biyu ko uku bai juyo ba, wato yana tafe da tunawa da abin da ya wuce. Idan kuma aka zubo su da yawa lokaci guda, suna gogar juna. Muka kwantar da allon baya kaɗan don gudun ya ragu, muka sa wa ƙusoshin guntayen robar waya, muka ƙuntata bakin mazubin ya zama ɗaya bayan ɗaya. Tudun ya tsuke ya matso kusa da na bango.

Abin da nake so su riƙe shi ne faɗin tudun. Idan layi 12 ne, bazuwar daga tsakiya kimanin rami 1.7 ce. Don a ninka wannan faɗi biyu, ba layi 24 ake bukata ba, sai 48. Bazuwa tana girma ne da saiwar adadin taku, wato lambar da in an ninka ta da kanta take ba da adadin: taku 100 na kara-zube nisan taku 10 suke kai mutum, taku 10,000 kuma nisan 100 kacal.

Wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in an ce kara-zube ne, ina ƙaddara?" Tambaya ce mai kyau kuma na san za ta zo. Na ce mata ƙwallon nan ba ya saɓa wa dokar motsi ko sau ɗaya. Da mun san gudunsa da kusurwar da ya daki kowace ƙusa daidai-wa-daida, da mun faɗi raminsa tun bai sauka ba. Rabi-da-rabin da muke rubutawa awon iyakar saninmu ne, kamar yadda Laplace, masanin lissafi na Faransa, ya fahimci yiwuwa tun farkon ƙarni na 19. Sauran bayanin na ce ta kai wa malamin Islamiyya, fagensa ne.

22 ga Fabrairu

Abokin aikina malamin bayoloji ya ara mana maikuroskof mai ƙara girma sau 400. Ɗigon madara a cikin ruwa mai yawa, har ya zama kamar ba a sa komai ba, sannan ɗigo ɗaya a kan gilashi. Madarar shanu da muka fara da ita ƙwayoyin maiƙonta manya ne, motsinsu sai an ƙura ido. Ta gwangwani ta fi, domin a masana'anta ana farfasa maiƙon ya zama ƙanana. Matsala ta biyu iskar hunturu ce: ruwan yana bushewa daga gefen murfin gilashi, sai komai ya riƙa kwarara gefe guda, wanda ba shi muke nema ba. Muka shafe gefunan da basilin, kwararar ta tsaya, rawar kaɗai ta saura. Kowace ƙwaya tana karkarwa a inda take, ba hutu, ba alkibla.

Robert Brown ya ga irin wannan a 1827 a ƙananan ɓarɓashin da ke fita daga garin fure, ya kuma gwada da garin dutse ya tabbatar ba rai ke motsa su ba. Sai 1905 Einstein ya ba da lissafin: molekul ɗin ruwa, waɗanda ba a gani, su ke dukan ƙwayar ta ko'ina, kuma dukan ba ya taɓa daidaita cif. Abin da ya ce a auna ba gudun ƙwayar ba ne, nisan da ta yi daga inda ta fara bayan wani lokaci, kuma wannan nisa yana bin saiwar lokaci, ƙa'idar allonmu sak. Ƙwaya mai faɗin maikuron ɗaya (kashi ɗaya bisa dubu na milimita) a ruwa tana gusawa kimanin maikuron ɗaya a daƙiƙa guda, amma nisan maikuron goma sai ta yi daƙiƙa ɗari. Jean Perrin a Faransa ya zauna ya auna wannan daga 1908, ya fitar da adadin Avogadro, lambar da ake ƙirga molekul da ita, kusa da 6 × 10^23 da muke koyarwa yau, aka ba shi kyautar Nobel a 1926. Da wannan ne gardamar ko akwai atom da gaske ta mutu.

Mun ɗora waya a bakin madubin mun ɗauki bidiyo. Yara biyu za su riƙa tsayar da shi duk daƙiƙa biyar suna ɗiga matsayin ƙwaya a takardar giraf.

1 ga Maris

An fara azumi, za mu riƙa tashi da wuri. Yau lissafi kawai muka yi a allo, amma shi ya buɗe mana ƙofar ƙwaƙwalwa. Ƙaramin molekul da ke yawo a ruwa ta wannan hanya zai ratsa ƙwayar halitta mai faɗin maikuron 10 cikin kusan kashi ɗaya bisa ashirin na daƙiƙa. Mita ɗaya kuwa, kamar daga ƙugu zuwa babban yatsan ƙafa, sai ya yi kimanin shekara 16. Shi ya sa jiki ba ya dogara da yawon molekul wajen aika saƙo mai nisa. Jijiya tana aikawa ne da bugun lantarki, wanda a manyan jijiyoyi yake kai mita 100 a daƙiƙa. Sai a ɗan gibin da ke tsakanin ƙwayar jijiya da 'yar uwarta, mai faɗin nanomita 20 zuwa 40 (nanomita dubu ne maikuron ɗaya), a nan ne ake sakin sinadari ya yi yawonsa ya haye, domin a wannan tazara yawon ya fi ƙiftawar ido sauri.

15 ga Maris

Mun karanta aikin Bernard Katz da abokan aikinsa a Landan a farkon shekarun 1950, a kan mahaɗar jijiya da tsokar kwaɗo. Sun lura cewa ko ba a taɓa jijiyar ba, ana ganin ƙananan bugu kusan masu girma ɗaya suna fitowa jefi-jefi. Da suka rage sinadarin kalsiyam a ruwan da tsokar ke ciki, sai amsar kowane zuguri ta zama ko babu, ko bugu ɗaya, ko ninki biyu, ko uku. Ma'ana sinadarin yana fita ne ƙunshi-ƙunshi, kuma adadin ƙunshin da zai fita a kowane karo sa'a ce. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka tabbatar. Rabon Poisson, lissafin abubuwan da ke faruwa jefi-jefi a kara-zube, ya ce idan matsakaicin ƙunshi biyu ne a kowane zuguri, to kusan kashi 13.5 cikin ɗari na lokuta ba abin da zai fita sam. Ana iya ƙirga waɗannan lokuta na shiru a gwada da hasashe, kuma sun dace. Katz ya sami Nobel a 1970. Wannan rabo na Poisson shi ne wanda Bortkiewicz ya gwada a 1898 da adadin sojojin Furusiya da harbin doki ya kashe, labarin da yaran suka fi riƙewa fiye da na kwaɗon.

Daga nan muka rubuta ɗan shirin kwamfuta da harshen Python na ƙwayar jijiya guda. Ƙarfin lantarkinta yana zaune wajen milibolt 70 ƙasa da sifili. Saƙo mai zuga ya tura shi sama, mai hanawa ya ja shi ƙasa, idan ya taɓa wajen 55 ƙasa da sifili ta yi bugu ta koma gida. Gerstein da Mandelbrot ne suka kawo wannan a 1964, kuma ƙwallon allonmu ne aka sa masa katanga a gefe ɗaya. Mun ga cewa idan zuga ta rinjayi hani sosai, bugun yana zuwa a tsare kamar agogo, idan kuma suka yi kunnen doki sai tazarar bugun ta watse, wani kusa-kusa wani da nisa. Na biyun ne ya fi kama da abin da ake gani a ɓawon ƙwaƙwalwa.

An ɗauke wuta kafin mu gama zanen, batirin kwamfutar kuma ba ya riƙe caji.

5 ga Afrilu

Mun dawo daga hutun Sallah. Zuwa yanzu duk abin da muka yi na abubuwan da ba ruwansu da juna ne, har ƙoƙari muka yi a allo mu hana ƙwallaye taɓa juna. Yanzu za mu juya: me ke faruwa idan kowane yana kallon maƙwabcinsa?

Mun fara da ƙusa. Muka rataye ta da siririyar waya ta manne wa maganaɗisun tsohuwar lasifika, mai walda na bakin titi ya sa mata wuta. Da ta yi ja sai ta saki ta yi lilo, da ta huce ta koma ta manne. Ƙarfe yana rasa wannan hali ne a digiri 770 na ma'aunin Salsiyas, ba a hankali yake ta raguwa har dubu ba, akwai iyaka. Mai waldan ya ce ya daɗe da sanin jan ƙarfe ba ya kama maganaɗisu, dalilin ne bai taɓa ji ba.

Samfurin da ke bayyana wannan Wilhelm Lenz ya kawo shi a 1920, ɗalibinsa Ernst Ising ya warware shi a kan layi ɗaya ya buga a 1925, bai sami wata iyaka ba, ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Ya koma koyarwa a makaranta, 'yan Nazi suka kore shi don Bayahude ne, sai daga baya ya ji sunansa ya zaga duniya. Lars Onsager ne a 1944 ya warware shi a kan shimfiɗa mai tsawo da faɗi ya nuna iyakar tana nan. Tsarin ba wuya: kowane gida a dara, a madadin ɗan ƙaramin maganaɗisu a cikin ƙarfe, yana kallon sama ko ƙasa, yana son ya dace da maƙwabtansa huɗu, zafi kuma yana birkita shi. A ma'aunin zafi na samfurin, iyakar tana 2.269.

12 ga Afrilu

Yau ne na fi jin daɗin aikin nan. Hanyar da ake kwaikwayon samfurin a kwamfuta ta fito ne daga Los Alamos a Amurka a 1953, ana kiranta da sunan Metropolis, ko da yake Arianna Rosenbluth ce ta rubuta shirin, abin da na tabbatar 'yan matan kulob sun ji. Ƙa'idar: zaɓi gida ɗaya, idan juyawarsa ba za ta ƙara saɓani da maƙwabta ba, juya shi. Idan za ta ƙara, juya shi da wata yiwuwa da zafi ke ƙayyadewa.

Da na lissafa waɗannan yiwuwa a daidai iyakar Onsager sai suka fito haka: idan uku cikin maƙwabta huɗu sun dace da kai, yiwuwar juyawa 0.172 ce, idan duka huɗun ne, 0.029. Ɗaya bisa shida 0.167 ce, ɗaya bisa 36 kuma 0.028. Wato dayis ɗin ludo ya isa. Muka jera yara 36 a fili, shida-shida, kowa da kati ja a fuska ɗaya shuɗi a ɗaya. Na gefe yana ɗaukar na ɗaya gefen a matsayin maƙwabci. A kira lamba daga jaka: in biyu ko fiye na maƙwabtanka sun saɓa maka, juya. In ɗaya ne, sai ka jefa shida. In babu, sai shida biyu a jere. Wannan ya yi daidai da zafi 2.23, ƙasa kaɗan da iyaka.

Ba a jima ba launi ɗaya ya mamaye fili, da 'yan tsibirai na ɗayan suna fitowa suna ɓacewa. Ba wanda ya ba da umarni, ba wanda ya ga fiye da mutum huɗu. Da muka sassauta, muka ce biyar ko shida duk sun wadatar, sai launukan suka cakuɗe ba mai rinjaye. Gida 36 ya yi kaɗan a ga iyaka mai kaifi, wannan aikin kwamfuta ne, amma sun ji abin a jikinsu. Rana ta yi zafi sosai, dole muka koma inuwar darbejiya kafin a gama.

26 ga Afrilu

Mun gudanar da shirin a kan gida 100 sau 100, muna gwadawa da amsar da C. N. Yang ya buga a 1952. A zafi 2.0, rinjayen gefe ɗaya 0.91 ne, inda 1 ke nufin duk gidaje sun kalli gefe guda. A 2.2 har yanzu 0.78. A 2.269 sifili. Wannan faɗuwa ita ce abin da allon Galton ba zai taɓa nunawa ba. Namu ya bi layin da kyau a nesa da iyaka, a kusa da ita kuwa sai ya riƙa jan ƙafa, lambar tana hawa da sauka ta ƙi zama, a fuskar kwamfuta kuma ana ganin tsibirai ƙanana da matsakaita da manya duk a lokaci guda. Ba lalacewar shiri ba ce, halin wurin ne: a nan gida yana jin tasirin gidan da ke can nesa, kuma ƙa'idar saiwa da muka dogara da ita tun Fabrairu ta daina aiki.

Akwai masu cewa ƙwaƙwalwa a irin wannan gaɓa take zaune, tun bayan da Beggs da Plenz suka ba da rahoto a 2003 cewa bugun jijiyoyi a yankan ɓawon ƙwaƙwalwar ɓera yana zuwa rukuni-rukuni na kowane girma. Na ambata musu a matsayin batun da masana ke gardama a kai. A ganina ana yawan gaggawar ɗaukar kamanni a matsayin hujja a wannan fage.

10 ga Mayu

Mataki na ƙarshe kafin baje kolin makaranta: samfurin John Hopfield na 1982 na yadda ƙwayoyin jijiya za su iya adana abu su tuno shi, wanda ya ba shi Nobel ta fiziks a 2024 tare da Geoffrey Hinton. Samfurin Ising ne aka sake masa abu biyu. Kowane gida yana haɗe da kowane, kuma ƙarfin haɗin ba ɗaya ba ne, ana koyon sa daga hotunan da ake so a adana: gidaje biyu da suka saba dacewa a ƙarfafa haɗinsu, waɗanda suka saba saɓawa a mai da shi na adawa, bisa ra'ayin Donald Hebb na 1949. Idan aka ba shi hoto da aka ɓata, sai gidajen su riƙa juyawa har su zauna a kan hoton da ya fi kusa. Namu gida 100 ne, goma-goma, haɗi 4,950. Lissafin Amit, Gutfreund da Sompolinsky na 1985 ya ce iyakar abin da zai riƙe kashi 13.8 cikin ɗari na adadin gidaje ne, kusan hoto 14 ke nan a wurinmu, kuma in an wuce ba ɗaya yake mantawa ba, duka suke rushewa.

Da hotunan kara-zube ya yi aiki yadda aka faɗa. Sai yara suka ce a ba shi baƙaƙen ajami, tunda kowa ya san su daga allo. Alif da mim da lam-alif ya riƙe su, ko an goge kusan rubu'in hoton yana dawo da su. Da muka ƙara ba da ta da sa, sai ya rikice tun bai kai rabin 14 ba: kowanne aka ba shi, jikin harafin yake dawowa da shi da ɗigo a inda ba na kowa ba. Fa da ƙaf ma haka, tunda a rubutunmu na Warshu ɗigo ɗaya ne ya raba su, na fa a ƙasa na ƙaf a sama. Adadin 14 na hotunan da ba su da alaƙa da juna ne, waɗannan kuwa gida biyu ko uku ne kawai suka bambanta su cikin ɗari, kuma farin bayan da duk suka yi tarayya a kai ya danne ɗigon.

Wani yaro ya ce, "Malam, ai mu ma a makarantar allo a nan muka fi shan bulala." Ba zan ce ƙwaƙwalwar yaro haka take aiki ba, amma matsalar iri ɗaya ce.

Gyara biyu za mu gwada ranar Asabar mai zuwa. Na farko, a cire matsakaicin kowane gida kafin a lissafa haɗi, don farin baya ya daina rinjaye. Na biyu, a bar ƙa'idar Hebb a koma ga wadda ke la'akari da yadda hotunan suka shiga juna, wadda ke bukatar juya matiris, wato teburin lambobi, abin da 'yan SS2 ba su kai ba, don haka NumPy, kayan lissafi na Python, zai yi musu. Allon ƙusoshi yana bukatar gilashi a gaba kafin ranar baje koli, domin ƙwallaye suna tsallowa waje kuma ƙananan yara za su zo. Kafinta ya ce a kawo shi ranar Laraba.